Waƙar da Ba a Yi wa Mai Rai

Kande ba ta gama ɗora ƙafa a cikin mota ba, Ubale direba ya leƙo ta taga ya ce, "Innalillahi. Mama, yau kuma wa muka rasa?"

"Hankalinka," in ji Kande. "Shi za mu je mu binne a Gumel. Matsa mini buhun nan."

Fasinjoji suka yi dariya. Amma dariyar ba ta hana matar da ke kujerar tsakiya ɗauke ɗanta daga cinyar da ke kusa da Kande ta mai da shi ɗaya cinyar ba. Kande ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Ran Alhamis ce, duk wata mota mai lafiya ta ɗebi awaki da raguna ta yi kasuwar Maigatari, sai wannan tsohuwar ta Ubale ta rage a tashar Gagarawa. Wanda ba ya son zama kusa da Kande, sai dai ya taka da ƙafa.

"Babu wanda ya mutu," ta ce, da ƙarfi yadda na baya ma za su ji. "Biki aka kira ni. Asabar ta sama za a ɗaura auren 'yar Ilu kafinta a cocin Maigatari, ni zan yi waƙa."

"Ke, Mama? Biki?"

"Ni. Ko ka ga an rubuta gawa a goshina?"

"A'a. Allah ya sanya alheri."

"Ƙawata Mairo zan je in taso daga gidan 'yarta. Hutun ya isa haka. Waƙa ba ta tashi babu mai tulu, kuma sabuwa ce, sai mun maimaita ta ta zauna."

Ubale ya tada mota. Ya gyara madubin da ba ya buƙatar gyara. Sai da suka bar gari, gonakin riɗi da zoɓo suka fara wucewa, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Mama, Mairo fa ba ta gidan Rahila. Asibiti take. Ni na kai ta tun makon jiya, a kwance a nan inda kike zaune, ƙafafunta sun kumbura kamar turmi. Cewa suka yi kada a gaya miki. Ni kuwa ba ɗan cocinku ba ne, ba da ni aka yi shawarar ba."

Kande ba ta tambayi dalili ba. Ta fi kowa sanin dalilin. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, duk ran da ta kira wayar Mairo, Rahila ce ke ɗauka ta ce tana wanka. Ran Lahadi kuma ta tambaya a bakin coci, mata suka haɗa baki suka ce hutu ta je, har matar fasto ta ƙara da cewa ai an ce ta yi ƙiba.

Ita dai Kande da waƙa aka haife ta. Tana yarinya ita ke ba da waƙa a dandali, da ta yi aure ta shiga Zumuntar Mata sai ta koma ba da ta Yesu. Tana bayarwa, mata na amshi, Mairo na zaune a gefenta da tulun kiɗa tsakanin gwiwoyi tana dukan bakinsa da soso. Kiristocin wannan yanki ba su da yawa. 'Yan gidaje nan, 'yan gidaje can a tsakiyar maƙwabta Musulmi, sai kuma malaman makaranta da 'yan kwastan da aiki ya jefo. In mutum ya iya abu a cikinsu, kafin damina ta zagayo kowa ya san shi, daga Sule Tankarkar har tsallaken iyaka.

A wata damina aka tsinci mijinta a gona, ya jingina da kanya, fartanyarsa a gefe, rai ya yi halinsa. A bakin kabari fasto ya rufe Littafi, Kande ta buɗe baki za ta yi kuka, sai waƙa ta fito a maimakon kukan. Ba ta shirya ta ba. Ce wa mijin ta yi ya ajiye fartanya, Mai gona ya ce aiki ya isa. Ta kira sunansa, ta jero halayensa, ta raka shi har inda Yesu ke jira da ƙwaryar ruwa. Mairo ba ta zo da tulu ba, a cinyarta ta buga. Ranar har maƙwabta Musulmi da suka tsaya daga nesa don kara sai da suka share ido.

Bayan nan wani saurayi ya kai su Kano, Sabon Gari, aka rufe su a wani ɗaki mai katifu a bango aka yi kaset. Akwai waƙar godiyar kaka a ciki, akwai ta Kirsimeti, akwai ta aure, akwai wadda Kande ta fi so, ta jariri Musa a bakin kogi. Mutane suka tsallake su duka suka kama guda ɗaya, ta bakin kabarin nan. Kaset ya wuce aka koma faifai, faifai ya wuce aka koma memori a shagon masu cajin waya, waƙar nan tana nan daram. Duk inda Kirista ya rasu, kafin a nemo mai haƙa kabari an nemo Kande.

Kuma ba ta yin aikin da ka. Kafin ta buɗe baki sai ta zauna da matan gidan ta tambaye su me mamacin yake so, me ke ba shi haushi, wa ya taimaka, yaya yake dariya. Da wannan take ɗinka wa kowa tasa. Namiji ya ajiye fartanya, mace ta sauke tulu, malamin makaranta ya ajiye alli. Abin da ya sa ake sonta ke nan, shi ne kuma ya zame mata mari a ƙafa. Da farko wasa ne. In ta tambayi mutum ya gida, sai ya ce, "Kada ki fara tattara labarina, Kande, da saurana." Sai ta je duba Dattijo Sajo, washegari ya cika. Ta je duba wata mai jego a Sule Tankarkar, ita ma ba ta daɗe ba. Waɗanda ta duba suka tashi suka koma gona sun fi a ƙirga, amma babu wanda ya riƙe sunayensu. Wasa ya daina zama wasa. Mutanen da ke miƙewa kowace Lahadi suna shaida cewa rai da mutuwa a hannun Allah suke, su ne in aka ce ga Kande a ƙofar gida sai su aiko a ce maras lafiya ya samu barci. Biki kuwa da suna, sai dai a aiko mata da waina a kwano, a ce an san ba ta son hayaniya.

Ta yi sababbin waƙoƙi ta tara a ciki, babu mai tambaya. Gashinta ya yi fari a tsakanin kaburbura. Sai bana Ilu kafinta, da ya gaji da haɗuwa da ita a maƙabarta, ya tsaya kai da fata. Ya ce shi da ke ƙera akwatin gawa ba a hana shi ƙera gadon amarya ba, don me za a hana Kande? Matarsa Asabe ta ja, ta ja, daga baya ta yarda, bisa sharaɗi.

A Gumel Kande ta sauka ta hau adaidaita zuwa asibiti. Tun daga ƙofa ta hango su a gindin darbejiya, a bayan ɗakin mata: tabarmi, kuloli, butoci, da 'yan Zumunta na Gumel da na Maigatari da suka zo dubiya. Hira ake yi. Da aka gan ta, hirar ta tsaya cak.

Rahila ce ta miƙe, 'yar Mairo ta fari, malamar firamare. Ta taho da sauri ta tare ta tun kafin ta kai inuwa, ta durƙusa a cikin rana.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Kin sha hanya."

"Na sha. An ce uwarki ta yi ƙiba, na zo in gani."

Rahila ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Wane gado take?"

"Barci take yi."

"Zan kalle ta tana barcin. Na sha kallonta tana yinsa a mota, baki buɗe."

"Gwaggo." Rahila ta kama gefen zanenta. "Ni na san ba gaskiya ba ne. Allah ya sani na sani. Ni nake gaya wa yara a aji su bar camfi. Amma uwata ce. In kika shiga, wani abu ya faru, ƙannena ba za su yafe mini ba, ni ma ban san ko zan yafe wa kaina ba. Ki zauna a nan tare da mu. Zan gaya mata kin zo."

"Ni na yi miki wankan farko, Rahila, da hannun nan. Kin mutu?"

Rahila ta ƙara damƙe zanen.

Da Kande ta so, da ture ta za ta yi ta wuce, don har yanzu da ƙarfinta. Amma akwai idanu a gindin bishiyar, kuma biyu daga cikinsu na Asabe ne, uwar amarya. Duk abin da aka yi a nan, kafin kasuwa ta tashi ya kai Maigatari. Saboda haka ta haɗiye abin da ke bakinta, ta bi Rahila, ta zauna a gefen tabarma. Aka gaisa. Aka miƙo mata ruwa, mai miƙowar ta ajiye kofin a ƙasa ta janye hannu.

Asabe ta matso tana fifita da murfin kula.

"Mama Kande, ashe kin ji."

"Na ji. A bakin direba."

"Dama ina so in kira ki kan maganar Asabar. Kin dai tuna yadda muka yi da ke."

"Na tuna. Ba zan taɓa waccan ta makoki ba."

"Ko kiɗanta. Kin san mutane, da sun ji tulu ya ɗauko wannan takun sai jikinsu ya yi sanyi."

"Ko kiɗanta."

"Sai kuma abu ɗaya." Asabe ta sassauta murya. "Dangin ango sun ce, in da hali, kada a kira sunan yaran a waƙar. Ki ce amarya, ki ce ango, ya wadatar."

Kande ta dube ta. Ta kwana ta tashi tana jujjuya sunan Lidiya a baki, tana nema masa wurin zama a tsakanin amshi, har ta samu inda ya zauna kamar don shi aka yi waƙar. Waƙar aure babu sunan amarya, wa aka yi wa ke nan? Amma ƙofa ce aka buɗe mata ɗan kaɗan bayan shekaru, ba za ta tsaya musu a kan faɗinta ba.

"To," ta ce.

"Kin san ba ni ba ce. Ni da Baban Lidiya ba mu da wata damuwa."

"Na ce to, Asabe."

Ana haka wata nas ta fito baranda ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Wace ce Kande a cikinku?"

Babu wadda ta nuna. Babu kuma wadda ba ta kalli gefen tabarmar ba.

"Tsohuwar nan ta gadon bakin taga ta ce ta ji muryarta. Ta ce in ba a shigo da ita ba za ta fizge ƙarin ruwan, kuma na ga hannunta a kai. Ni dai ba zan sake neman jijiya a wannan hannun ba. Ku daidaita."

Rahila ta raka ta har bakin ƙofa, tana tafe tana murza yatsu. "Gwaggo, gaisuwa kawai. Don girman Allah. Ban da waƙa."

"Gaisuwa na zo yi," in ji Kande, kuma har cikin ranta haka take nufi.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, fanka ɗaya tana juyi tana kuka, iska duk warin magani. Kande ta wuce gadon bakin taga sai ta dawo, don ba ta gane mai shi ba. Fuskar ta tsotse ta koma kamar ta yarinya, ciki da ƙafafu kuwa sun cika zanen da aka rufa musu. Idanun ne kawai na Mairo.

"Sai yau?" in ji Mairo.

"Ce mini aka yi kina hutu."

"Ina hutu mana. Ga abinci har gado, ga masu juya ni. Zauna, kin tsaya mini a ka kamar fasto."

Kande ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta. Hannun da kanta ta cika saboda dukan tulu, yau laushi gare shi, in an danna sai yatsa ya bar rami.

"Tashi za ki yi," ta ce. "Muna da biki."

"Na ji. Asabe ta gaya wa duk ɗakin nan, har da waɗanda ba su tambaye ta ba. Wai ta yi ta maza ta yarda."

"Na yi sabuwa. Takunta mai sauri ne, irin wanda kike so, sai kin haɗa da tafin hannu a cikin tulun. Bari in ɗan nuna miki yadda—"

"Ajiye ta. Kande, dube ni. Likita yana yi wa Rahila magana da Turanci, yana zaton ban ji ba. Turancin ne ban ji ba, fuskarsa na ji ta sarai. Ba zan ga Asabar ɗin can ba."

"Kin zama Allah?"

"Na zama mai ƙafa kamar ganga. Bar wannan. Abu ɗaya ya sa na ce a kira ki. Ki yi mini tawa."

Kande ta saki hannun.

"Ba a yi wa mai rai."

"Wa ya ce? A wace aya?"

"Mairo."

"Tun ran da kika fara ta ina gefenki. Kowa na kuka, ni hankalina na kan taku kada in kuskure. Ban taɓa zama na saurare ta ba. Waɗanda kika yi wa kuwa ba su ji ba, suna cikin akwatin Ilu. Duk daɗin bakin nan, mai shi bai ji ko kalma ba. Ni ina so in ji tawa. In kuma gyara miki inda kika yi ƙarya, don na san halinki. Ke kika mai da Sajo mala'ika, mutumin da ya sayar da jakin surukinsa, surukin na barci a inuwar jakin."

Dariya ta ƙwace wa Kande. Kafin ta kai ƙarshe ta juye ta zama wani abu dabam, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ran tawa kuma Ladi ta Zumunta za a ba tuluna," in ji Mairo, "da hannun nan nata kamar mai dakan fura. Gara in ji yanzu babu kiɗa, da in ji daga sama ana ɓata mini."

Kande ta ɗaga kai ta dubi taga. A buɗe take, babu ko labule. Daga inda take zaune tana hango saman ɗankwalin Asabe yana motsi.

"Kin san wa ke zaune a bayan tagar nan?"

"Na sani."

"In na buɗe baki a nan, na kira sunanki kina numfashi, sannan..." Ba ta ƙarasa ba. "Shi ke nan. Bar ta biki, ko sallama ba za a sake amsa mini ba. Da, cewa suke ƙafata ce. Yanzu za su ce da bakina na kira ta. Mairo, na gaji da bakin rami. Ina so in buɗe baki in ga mutane suna rawa, ko da sau ɗaya ne kafin muryar ta tafi."

"Na sani," in ji Mairo. Wasan ya bar muryarta. "Ban ce ƙaramin abu na roƙa ba. In kin ƙi, ba zan riƙe ki a rai ba." Ta nemi numfashi. "Tsoro nake ji, Kande. In suna nan ina ba su dariya. Da ɗaki ya yi shiru sai in nemi hanya in rasa, duk addu'ar da na sani ta gudu ta bar ni. Fasto ya zo ya karanta, na ce amin, ban ji komai ba. Ke ce kika san yadda ake raka mutum."

A gadon kusa akwai wata tsohuwar Bafulatana mai suna A'i, da aka ɗaure wa ƙafa da itace, carbi a hannunta. Tun ɗazu take saurare ba ta ɓoye ba.

"Baiwar Allah, yi mata mana," ta ce. "Mu namu ba a yi mana waƙa, salla ake yi a wuce. Amma da ana yi, ni ma cewa zan yi a yi mini ina ji. Kwanan mutum ba a bakinki yake ba."

"Je ki gaya wa na waje," in ji Kande.

"Da ƙafar nan?"

Sabuwar waƙar tana nan a maƙogwaron Kande, a shirye, da amshinta da komai. Ta hango cocin Maigatari cike, 'yan mata da anko, ita a tsakiya, mutane na tafi suna matsowa kusa da ita maimakon su ja baya. Ta hango shi sarai, kamar ta riga ta je. Sannan ta dubi Mairo, ta ga yadda yatsunta suka damƙe zanen gado.

Ta ce a ranta, a hankali zan yi, a kunnenta, babu mai ji. Ta sunkuya ta fara.

"Ban ji ba," in ji Mairo. "Kunnen ma ya kumbura."

Ita kuma waƙar ba ta raɗa ba ce. A fili aka haife ta, a gaban jama'a, kuma muryar da ta saba kai ta ƙarshen maƙabarta ba ta san yadda ake tsayawa a bakin taga ba. Kande ta miƙe zaune, ta rufe ido, ta sake ta.

*Sauke tulu, Mairo, rana ta yi,*
*Mai gida ya ce ɗiban ya isa.*
*Ke da kika shayar da na kusa da na nesa,*
*Yau zauna, ke za a ba ki sha.*

Wannan karon ba ta buƙaci tambayar kowa ba. Ta faɗi yarinyar da aka kawo aure daga Sule Tankarkar a kan amalanke tana amai. Ta faɗi shekarar fari, da Mairo ta riƙa dafa tafasa tana tara 'ya'yan unguwa, na masallaci da na coci, a kwano ɗaya. Ta faɗi 'ya'yan da ta binne da waɗanda ta raya. Ta faɗi haƙurinta da mijinta, marigayi Ɗalha.

"Ƙarya," in ji Mairo, ido a rufe. "Ban yi haƙuri da Ɗalha ba. Da muciya na bi shi har bakin rijiya. Gyara."

Kande ta gyara ba tare da ta rasa taku ba. Ta sa muciya a waƙar, ta sa rijiya, ta sa Ɗalha yana dawowa gida da takalmi ɗaya. A'i ta yi dariya har carbi ya faɗi.

A waje an yi tsit. Sai murya ɗaya ta fashe da kuka, sauran suka ɗauka. A wurinsu babu abin tambaya, tunda aka ji wannan waƙar da suna a ciki, an san abin da ya faru. Ta taga Kande ta ji wata tana faɗa a waya, "Ta cika, yanzu-yanzu. A gaya wa Ilu ya fara."

Rahila ta faɗo ɗakin ba takalmi, ɗankwali a hannu, Asabe a bayanta. Suka ja suka tsaya. Mairo na kwance tana numfashi, yatsunta sun saki zanen gado, hannuwanta a miƙe a gefenta ba sa buga komai.

Ta buɗe ido ɗaya. "Ke Rahila, in kuka za ki yi, ki yi a hankali. Ana yi mini waƙa."

Rahila ta zame ta zauna a ƙasa. Asabe kuwa ba Mairo ta kalla ba, Kande ta kalla, hannu a baki. Kande ma ta kalle ta, ido cikin ido, ba ta daina ba. Asabe ta ja da baya, ta ja da baya, har ƙofa ta rufe ta.

Kande ta ɗauki ƙawarta daga bakin rijiya ta bi da ita hanya, a hankali, ta gaya mata babu ƙaya, babu duhu, ta nuna mata inda Yesu ke tsaye da ƙwarya a hannu yana kiran sunanta. Kafin ta dire, ƙirjin Mairo ya daina fizga. Nas ta zo ta taɓa wuyan hannunta, ta ɗan jira, ta ce wa Rahila, "Barci ne."

Da Kande ta fito, an daina kuka a gindin darbejiya, ana kiran waɗanda aka kira ɗazu ana ce musu su dakata tukuna. Babu wadda ta tambaye ta ya jikin Mairo. Asabe tana naɗe tabarmarta, ta ba ta baya.

"Baban Lidiya zai kira ki," ta ce wa tabarmar.

"To," in ji Kande.

Ta gyara mayafi ta nufi ƙofar asibiti, ko ta samu Ubale kafin ya cika ya juya. Ta kusa kaiwa ta ji taku a bayanta. Rahila ce, idanu jawur. Kande ta tsaya ta shirya wa duk abin da za a faɗa mata, don ta san ta karya alkawari.

"Gwaggo, kada ki koma Gagarawa yau. Ki sauka a gidana."

Kande ta ɗago ta dube ta. Rabonta da a ce mata ta kwana a gidan da ake jinya, ta manta.

"Kin san hanyar nan babu tabbas," in ji Rahila, tana kallon ƙasa. "Waya kuma ba ta cika shiga ƙauyenku ba. Kada a zo ana nemanki."

Kande ta dubi ƙofa. Adaidaita na tsaye a bakin titi, mai ita yana ɗaga mata hannu yana tambayar ko tasha za ta. Ta girgiza masa kai.

Ta juya ta bi Rahila zuwa gindin darbejiya. Mata suka matsa, suka bar mata tabarma guda ita kaɗai. Ta tuɓe takalmi ta zauna a tsakiyarta, ta fara jira tare da su.